Auren da Ba Mu Halarta Ba

Shekara bakwai na yi ina aiki a ƙasar nan da bizar aiki, kuma duk tsawon lokacin kallon wani irin saurayi nake yi wa Amurka. Irin wanda zai zo zance kullum da la'asar, a shimfiɗa masa tabarma, ya sha zoɓon gidanku, ya yaba hankalinki da natsuwarki, amma ranar da aka ce ya turo magabatansa sai tari ya sarƙe shi. A littattafan soyayyar da na tashi da su, waɗanda muke haya a wani ɗan kes a bakin kasuwar unguwarmu a Kaduna, irin wannan saurayin ba ya kai tsakiyar littafi. Yayan yarinya ne zai tare shi a zaure ya sallame shi, washegari na kirki ya bayyana cikin farar shadda, ƙamshinsa na riga shi shigowa. Ni nawa saurayin babu mai sallamarsa, don shi ke da zauren.

Aikina gwajin jini ne a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti. Su suka ɗauko ni daga gida, kuma bizar tawa a ƙugunsu take ɗaure. Ranar da suka ce sun gaji da ni, ranar zan fara haɗa akwati. Maigidana da 'yarmu ta fari a kan bizata suka shigo, wato ni ina rataye a wuyan asibiti, su kuma suna rataye a wuyana. Autanmu kaɗai aka haifa a nan. Shi ɗan ƙasa ne tun yana cikin zanen goyo, kuma shi kaɗai ne a gidan yake buga ƙofa son ransa ba ya tunanin maƙwabta za su kai ƙara.

Shugabar sashenmu wata doguwar mata ce mai murmushin talla. Duk shekara in na tuna mata maganar takardar zama ta dindindin, wadda kowa ke kira girin kad, sai ta dafa ƙirji ta ce ai ni 'yar gida ce, ba su da kamata, a dai bari kasafin baɗi ya fito. 'Yar gida ce ke aikin ranar hutu. 'Yar gida ce ke maye gurbin duk wanda ya tashi da ciwon kai ranar Litinin. Sai da wa'adin bizar ya kusa cika, ta duba ta ga in na tafi babu mai tsaya mata ranar Kirsimeti, sannan ta sa hannu. Ta miƙo mini takardar ta tsaya tana jiran in yi kukan godiya. Na ɗan yi mata.

Maigidana malamin lissafi ne a wata sakandare kafin mu taso. A nan irin bizarsa ta hana shi aiki a shekarun farko, ko da sharar shago ce. Shi ke kai yara makaranta, shi ke bin layin injin wanki a ƙasan benenmu a Silver Spring, har ya koyi tuƙa tuwon semo, labule a sake. Mutum ne marar magana. Na aure shi ina jiran ranar da zai kama hannuna ya ce ni ce sanyin idanunsa, kamar yadda ake yi a littafi. Abin da na samu shi ne "Kin ci abinci?" da "Ki ɗauki rigar sanyi, an ce za a yi ƙanƙara." Na ajiye su na ci gaba da jira.

Akwai wani shagon kayan abincin gida na wani ɗan Kumasi inda maza ke taruwa bayan sallar Juma'a, su jingina da buhunan shinkafa suna gyara duniya. Duk wanda katinsa ya fito a cikinsu ya zama malami. Wanda ya zama ɗan ƙasa kuwa shehi ne, ba a katse masa magana. Rabinsu ba sa son a tambaye su ta wace ƙofa suka shigo. Su ne suka raɗa wa maigidana mijin Hajiya. In ya shiga sayen daddawa sai wani ya ɗaga murya daga kan buhu:

"A'a, Malam! Yau an ba ka hutu ke nan? Hajiya ta san ka fito kuwa?"

A bushe da dariya. Shi kuma ya ce, "Ta sani," ya karɓi ledarsa ya fito. Mutanen da in motar 'yan sanda ta biyo bayansu a titi gumi ke jiƙa musu taguwa, su ne zakuna a kan buhun shinkafa.

Asibiti ne ya haɗa mu da lauya, wani matashi mai waya biyu da ba ya gama jimla sai ɗaya ta yi ƙara. Ya ce mu kawo duk wata takarda da muka mallaka. A ciki akwai shaidar aure da muka yanka a kotu a Kaduna lokacin neman biza, shekaru bayan biki, da takardar haihuwar 'yarmu, ita ma sai da za a yi mata fasfo aka yanke ta. Wa yake zuwa neman takarda ranar suna, ana fama da rago? Lauya ya leƙa su ya ce sun yi. Bai tambaye mu yadda ake ɗaura aure a wurinmu ba, mu ma bai zo mana a rai cewa abin faɗa ba ne.

Aka shiga jira. Aka ɗauki zanen yatsunmu, likita ya duba mu kamar shanun da za a kai kudu, aka sake jira. Da wasiƙar kiran ganawa ta zo daga hukumar shige da fice, mu uku aka kira: ni, da shi, da yarinyar, wadda lokacin tana shekara sha shida.

A nan Anti ta shigo. 'Yar Jos ce, nas ce da ta yi ritaya, tana da ƙaton gida a garin Clinton da falo mai kujerun da har yau ba a cire musu leda ba. Duk mai jin Hausa a yankin nan, Musulmi ko Kirista, in aka kira shi ganawa gidanta yake fara zuwa, kamar mai zuwa wajen duba. Ta samu katinta tun zamanin da ake bugawa da tafireta, amma a ganinta doka ba ta motsa ba tun ranar, tana nan tana jiran izininta.

"Ƙanwata, zauna. Kai ma Malam zauna kusa da ita. Kusa na ce! Dubi tsakaninku don Allah, ai tirela sai ta wuce."

Na ce, "Anti, namu fa ta wajen aiki ne, ba ta aure ba."

"Naki ne ta wajen aiki. Shi ta ina ya maƙale? Mutanen nan ba su san wani aure ba sai wanda suka gani a hoto. Malam, wane launi ne buroshin matarka?"

"Ban taɓa dubawa ba."

"Shi ke nan, an kore ka, sai jirgi. Wane gefen gado take kwana?"

Ya sunkuyar da kai.

"Me kake kiranta in kuna ku biyu?"

Ya ɗago ya dubi silin ɗin Anti kamar mai neman inda yake yoyo.

"Kin gani? Wannan ko ni ce a kujerar ba zan yarda ba. Ku je ku yi hotuna. A riƙe hannu, a yi dariya, haƙora a waje. Ku sa a albam mai kyau. Na fitar da mutane sun fi gashin kaina da wannan dabarar."

Raina maganarta nake yi tun daga ƙofa har mota, ina cewa dubi tsohuwa da buroshi. Amma a can ƙasan zuciyata wani abu ya yi tsalle. Ga doka da kanta ta zo za ta tilasta wa mutumin nan ya riƙe hannuna a bainar jama'a.

Muka je bakin ruwa a Washington lokacin da itatuwan nan ke fitar da fure fari da ruwan hoda, garin ya cika da masu ɗaukar hoto. Na sa leshina mai ruwan zuma, na sha ɗauri. 'Yarmu ce mai ɗauka. Maigidana ya tsaya a gefena ƙiƙam kamar wanda za a karanta wa hukunci. Da ta ce ya dafa kafaɗata, ya ɗora yatsu biyu kamar mai taɓa dutsen guga ya ji ko ya yi zafi. Yarinyar tana dariya har wayar na rawa, tana ce masa da Turanci ya saki jiki, ba a jana'iza muke ba. Fure na zubo mana a ka, iska na kaɗa mayafina, komai ya haɗu yadda marubuta ke tsarawa, ban da jarumin, wanda ke tambaya ko lokacin la'asar bai yi ba. Duk da haka na wanke hotunan, na sayi albam mai zanen zuciya a bango, na jera su. Na fi sati ina buɗewa ina kallo in babu kowa.

Ranar ganawa da safe muka isa, aka caje mu, muka zauna a wani ɗaki cike da mutanen duniya, kowa rungume da jakar takardu kamar jariri. Babu mai kallon wani. Wadda ta kira mu yarinya ce, ban jin ta kai talatin, da gorar ruwa a teburinta mai girman tulu. Ta sa muka ɗaga hannu muka yi rantsuwa. Ni da maigidana muka zauna a gabanta, 'yarmu a tsakiya, lauya a gefe yana satar kallon aljihunsa inda wayoyinsa ke kashe.

Tambayoyin aiki ba su ɗau lokaci ba. Sai ta hau karanto wata doguwar ƙa'ida: ko na taɓa safarar mutane, ko na taɓa shiga ƙungiyar 'yan bindiga, ko ina da niyyar kifar da gwamnati. Ni da na shekara bakwai na kasa kifar da jadawalin aikin Lahadi. Na yi ta cewa a'a har bakina ya bushe.

Sai ta juya kan aure. Na zaro albam da sauri na tura mata. Ta buɗe shafi biyu, ta ga yatsu biyu a kafaɗa, ta rufe ta turo mini abina. Ta ce tana son ganin na ranar auren.

Akwai guda ɗaya, tsoho, gefensa ya fara cin ruwa. Maza ne zaune a kan tabarmi a ƙofar gidanmu, hannuwa a sama ana shafa fatiha, ga tiren goro da alawa a tsakiya. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, yana kusa da liman.

Ta duba, ta sake dubawa. "Ke ina kike a nan?"

Na ce ina cikin gida, a ɗakin gwaggona, an lulluɓe ni ina kuka. Ta ɗago da sauri, sai na yi maza na ce kukan al'ada ne, kowa na yi, wadda ba ta yi ba ita ake zagi. Na ce mace ba ta zuwa wajen ɗaurin aurenta, waliyyinta ke bayar da ita.

Ta ce to. Ta juya wajensa. "Kai kuma wanne ne a ciki?"

Da a ce mutumin nan ya iya ƙarya ko ta sisin kwabo, sai ya nuna kowace hula a hoton, duk sun yi dishi-dishi. Amma ya yi rantsuwa. Ya ce ba ya ciki. Motar da ta ɗauko shi da abokansa daga Zariya ta lalace a hanya, sun iso ana naɗe tabarmi. Kawunsa ne ya karɓa masa, kuma ko da ya iso a kan lokaci ma kawun ne zai karɓa.

Ta ajiye biro. "Wato babu ɗayanku da ya halarci aurenku?"

Lauya ya juyo gaba ɗaya ya dube mu, karon farko tun da muka san shi.

Ban ga laifinta ba a kan dokar, ba ita ta rubuta ba. Ta yi mana bayani a hankali, irin yadda ake yi wa yara: in an ɗaura aure ma'auratan ba sa wurin, dokarsu ba ta ɗaukarsa aure sai an tabbatar cewa daga baya sun kasance tare, irin kasancewar miji da mata. Ta faɗi kalmar ƙarara. A gaban 'yata. Aure shekara goma sha takwas, mutum ɗari sun shaida, an yi kamu, an yi buɗar kai, an kai gara, na yi wankan jego sau biyu, ga wata da aka haifa jiya tana tambaya ko mun taɓa haɗa shimfiɗa. Na nuna 'yarmu da haɓa, na ce ga amsa nan zaune.

Ta ɗauko takardar haihuwar, ta ce wannan an yanke ta shekaru bayan haihuwa, don haka tana son ji daga bakinsa. Ta dube shi.

"Wannan 'yarka ce?"

Duk wanda ya tashi a inda muka tashi ya san abin da aka tambaye shi. 'Yar fari ce. Kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mata. Tun da aka haife ta bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, bai taɓa cewa "'yata" ba, sunanta kuwa bai taɓa bi ta bakinsa ba. "Ke" yake ce mata, in yana maganarta da ni ya ce "yarinyar nan". Shi ya koya mata lissafi har ta fi 'yan ajinsu, shi ke tsayawa a sanyi yana jiran motar makarantarta, amma a ƙauyensu in aka tambayi uba 'ya'yansa nawa, ba ya lissafawa da na fari. Mahaifinsa haka ya yi masa, shi ma ɗan fari ne.

Ya dubi tebur.

Ta maimaita. Na taka masa ƙafa. Yarinyar ta ce, "Baba," a hankali.

Ya ce, "Yana cikin takarda."

"Na ga takarda. Kai nake tambaya. Mene ne cikakken sunanta?"

Kunnuwansa, waɗanda yarinyar ta kwaso sak har da lanƙwasar saman, suna nan a fili kowa na gani, amma ba a rubuta kunne a fayil. Daga ƙarshe ya ce e, tasa ce, da wata murya kamar wanda aka kama da kayan sata. Sunan kuwa harafi-harafi ya jero shi, bai haɗa ba. Na yi ta zuba bayani, cewa kunya ce, girmamawa ce, haka ake yi. Ina faɗa ina jin yadda maganar ke fita tsirara a Turanci, ba ta da ko ɗankwali. Ta gyaɗa kai cikin ladabi, ta yi ta rubutu. Ta ce za mu ji daga gare su.

A bakin lif lauya ya kunna wayoyinsa ya ce me ya sa ba mu gaya masa ba. Na ce me ya sa bai tambaya ba.

Katina ya zo, na yarinyar ya zo. Shi wasiƙa ya samu, ana neman ƙarin hujja cewa auren aure ne, da wa'adin da za a amsa a ciki. Lauya ya warware mana abin a waya: tunda ni na tashi daga bizar aiki, bizar da maigidana ke rataye da ita ta mutu. Wannan neman da ke gabansu shi kaɗai ke riƙe da shi a ƙasar. In wa'adi ya wuce, ko suka ƙi, sai ya tattara ya koma, a sake sabon lale daga can, kuma babu mai iya cewa shekara nawa. Lauyan ya ce a nemo rantsuwar waɗanda suka halarci ɗaurin auren. Mahaifina ya rasu, liman ya rasu, kawun da ya karɓa tsufa ya cinye shi ba ya gane 'ya'yansa. Ya ce to, akwai hanyar da ba ta da gardama: gwajin DNA tsakanin uba da 'ya. Ba dole ba ne, in ji shi, amma shi zai kashe maganar.

Na yi kuskuren gaya wa Anti. Ta ce ai ta faɗa, yatsu biyu ne suka jawo. Kafin Juma'a labari ya kai kan buhunan shinkafa, kuma ya isa can da ƙafafu huɗu: wai gwamnati ta duba ta ce yarinyar ba ta yi kama da shi ba. Ɗaya daga cikin shehunan, wanda kowa ya san ya bar mata da 'ya'ya a gida ya zo nan ya auri wata tsohuwa don takarda, shi ne ya tare maigidana da fuskar tausayi.

"Malam, haƙuri za ka yi. Ka san matan nan masu aikin asibiti. Gara ma a gwada, hankalinka ya kwanta."

Ranar bai sayo daddawar ba. Ya dawo ya same ni a kicin ina yanka kuɓewa, rana tsaka, yara ba su dawo ba. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ba zan yi gwajin nan ba."

Na ce saboda me.

"Ba ni za a gwada ba. Ke za a gwada. In na buɗe baki aka sa min auduga, na yarda ke nan akwai abin tambaya a kanki. Na karɓe ki daga hannun mahaifinki ba tare da na tambayi kowa komai ba. Shekara goma sha takwas ban ga abin da zai sa in ɗaga ido in dube ki sau biyu ba, sai don ina son kallon. Gara in koma in riƙe alli, in riƙa zuwa muku a waya, da in tsaya a layi a auna mutuncinki a kwalba."

Na tsaya da wuƙa a hannu. Sai don ina son kallon. Tun ina 'yar sha huɗu nake jiran namiji ya tsaya a bakin ƙofa ya yi mini irin wannan maganar. Na sha tsara yadda za ta kasance: ruwa na sauka, ni ina jikin taga, hawaye na gangarowa a hankali. Ga ta ta zo, hannuna duk yauƙin kuɓewa, kuma abin da take nufi shi ne zai hau jirgi ya bar ni da yara biyu da aikin Lahadi. A littafi a nan yarinya ke faɗawa ƙirjinsa a rufe babi. Marubutan ba su taɓa cewa wa zai kai auta makaranta washegari ba.

Na ce, "Malam, maganarka ta yi daɗi, Allah ya saka. Amma mutuncin nan da kake karewa, nawa ne ko naka?"

"Naki ne."

"To ni na ba da shi a auna. Kullum jinin mutane nake aunawa, na sarakai da na mabarata, ban ga wanda ya ragu don an sa shi a kwalba ba. Su waye za su yi magana? Masu zaman buhu? In ka yi gwaji su ce an yi zargi, in ka tafi su ce ka gudu don ka san sakamako. Wanne ka fi so su faɗa, kana nan ko ba ka nan?"

Ya ce ba don su ba ne.

"To don wa? Don waccan mai gorar ruwa? Ta manta fuskarmu tun kafin mu kai lif. Ka yi shiru a gabanta don kunyar 'yarka, na gane, ban ce komai ba. Yanzu kuma za ka tafi ka bar 'yar don kunyata. Mu dai kullum ana girmama mu ana barinmu a tsaye."

Ya ɗauki buta ya shiga banɗaki. Kwana da kwanaki ba mu sake tayar da maganar ba, wa'adi na matsowa, ni kuma na rantse a raina ba zan roƙe shi ba. Ina zuba masa abinci, yana cewa sannu, ina cewa yauwa. Lauya ya yi ta kira ina ƙin ɗauka.

Wata Asabar da safe na fito na same shi a falo sanye da shaddarsa ta sallah, har da hula. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ki ce wa yarinyar nan ta shirya."

Ba a asibitinmu aka yi ba, sai a wani wurin da hukuma ta yarda da shi, can wajen College Park, a saman wani shagon gyaran farce. Wani saurayi mai ɗan kunne ya duba katunanmu, ya ɗauke su hoto tare, uba da 'ya, kafaɗa da kafaɗa. Ina jin shi ne hotonsu na farko su biyu. Ya ce a buɗe baki. Maigidana ya rufe ido ya buɗe, aka goga masa auduga a cikin kumatu, dama da hagu. Abin da aka yi ta tashin hankali a kansa bai kai tsawon alwala ba. Saurayin ya liƙe ambulan yana taunar cingam, ya ce mu yini lafiya.

Sakamakon kai tsaye aka aika wa hukuma, mu aka ba mu kwafi. Na buɗe don aikina ne, na ga abin da na sani. Na miƙa masa, ya ce in ajiye, shi ba ya karanta abin da bai tambaya ba. Har yau bai karanta ba.

Katinsa ya zo ana gab da fara sanyi. Anti ta bugo ta ce ai albam ne ya yi aiki daga baya, sun koma sun duba. Na ce haka ne, Anti, Allah ya bar mana ke. 'Yan shago kuwa suka tashi daga kan buhu suna ba shi hannu, har da mai fuskar tausayin nan, wai dama shi bai taɓa shakka ba. Yanzu Malam suke ce masa ba dariya a ciki, har suna turo masa sababbin zuwa ya ba su shawara. Yana ce musu su tambayi lauya.

Ranar da katin ya zo yarinyar ce ta ɗauko wasiƙu daga akwati. Ta shigo da gudu tana ɗaga ambulan ɗin, ta tsaya a gabansa, ta haɗa Hausarta mai ɗingishi:

"Baba, yanzu gwamnati ta ce kai babana ne. Sai ka faɗi sunana."

Ya karɓi ambulan ɗin, ya juya shi gaba da baya, ya sa a aljihun gaba bai buɗe ba.

"Ke, tafi ki ba ni wuri," in ji shi. "Kin yi aikin lissafin da na ba ki?"

Ba ta yi ba. Ya jawo kujera ya ce ta ɗauko littafin.